RA'AYI: Idan tukunyar suya ta nuna E1, kada a toshe bakin mai gadi

Babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi arewacin Togo, ta ratsa Sotouboua da Adjengre da Sokode har ta kai Dapaong, ita ce ke kawo wa mutanen wannan yanki kusan duk wani sabon abu da ya sauka a tashar jiragen ruwa. Cikin abubuwan da ta kawo a 'yan shekarun nan akwai tukunyar lantarki mai suya da iska mai zafi, wadda 'yan boko ke kira eya-firaya. Ta shiga kayan ɗakin amarya, ta shiga tsarabar masu dawowa daga Turai, ta shiga shagon mai sayar da kaza da dankali. Mata sun so ta saboda ba ta shan mai kamar kasko, ba hayaƙi, ba fifita gawayi. Doyar da aka yanka don koliko, ko wagashi, ko cinyar zabo, cikin 'yan mintoci sun yi ja.

To amma duk mai irin wannan tukunya, in dai mai fuskar lambobi ce, akwai ranar da za ta iya wayar gari ta ga ta ƙi aiki. An kunna, ta yi ƙara sau biyu ko uku, sai ta rubuta E1 ko E2, ta yi shiru. Daga nan hanya biyu mutanenmu suka saba bi. Ko dai a tura ta ƙarƙashin gado a ce ta mutu, ko a kai wa mai gyaran rediyo da fanka na bakin kasuwa, ya buɗe, ya duba, ya ce, "Hajiya, ai wannan ƙaramin abu ne, yanzu zan haɗa miki shi dairek." Ra'ayina shi ne duka biyun kuskure ne. Na farko asarar kuɗi ce, na biyu kuwa wasa da rai ne, kuma a kansa nake son mu tsaya.

Sai an san abin da ke cikin tukunyar sannan za a gane dalili. Kamfanin Philips ne ya fito da ita ga duniya a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin a Jamus cikin 2010, amma aikinta ba wani siddabaru ba ne. A samanta akwai nannaɗaɗɗen ƙarfe mai yin ja idan wuta ta bi ta cikinsa, irin na rishon lantarki. A kan ƙarfen akwai fanka mai hura zafin zuwa ƙasa, cikin kwandon da abinci yake. Yawancinsu suna jan wuta tsakanin wat 1,200 zuwa 1,800, suna kuma kai zafin digiri 200. Ƙarfen nan bai san ya isa ba. In dai akwai wuta a jikinsa zai ci gaba da ƙara zafi har sai wani abu ya narke. Saboda haka aka sa masa masu gadi biyu.

Mai gadi na farko shi ne sensan zafi, wani ɗan mitsitsin abu kamar ƙwayar gero, a cikin gilashi ko ɗan bututun ƙarfe, da wayoyi biyu sirara da suka tafi zuwa fanel. Masu sana'a suna kiransa NTC. Halinsa ɗaya ne: idan da sanyi yana tare wa wuta hanya sosai, idan zafi ya ƙaru sai ya riƙa sassauta mata. Fanel yana auna wannan tarewar, da ita yake sanin zafin da ke cikin tukunya. In zafi ya kai inda aka saita, ya kashe ƙarfen. In ya sauka, ya sake kunnawa. Wannan ɗan ƙas-ƙas da ake ji lokaci-lokaci idan ana suya, aikin ke nan. Mai gadi na biyu shi ne fis ɗin zafi. Shi ba ya magana da kowa, yana zaune ne kawai yana jira. Ranar da na farko ya gaza, zafi ya wuce iyaka, sai ya tsinke ya yanke wutar gaba ɗaya. Sau ɗaya yake wannan aiki a rayuwarsa.

To mene ne E1 da E2? A yawancin tukwane, E1 na nufin fanel ya daina jin sensa kwata-kwata, wato waya ta tsinke ko ta zare. E2 kuma na nufin wayoyin biyu sun haɗu da juna, ko sensan ya ƙone ya zama hanya ɗaya. Kamfanoni sun bambanta a kan lambobin, wasu suna juya su, wasu suna da E3 da sauransu, don haka wanda yake da takardar da ta zo cikin kwali ya duba ta. Ma'anar dai ɗaya ce. Tukunyar tana cewa, "Na daina sanin zafin da ke cikina, ba zan kunna wuta a makance ba." Ka ga ke nan ba mutuwa ta yi ba. Ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta ƙi aiki don kada ta ƙona gida. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi fushi da lambar ba, kuma ba zai biya wani ya ɓatar da ita ba.

Abubuwan da ke jawo wannan matsala a yankinmu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai maiko. Duk suyar da aka yi, tururin mai yana tashi ya manne a sama, kusa da ƙarfen da sensan, ya daskare ya zama kamar ƙaro. Akwai ƙurar hunturu, wadda daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta barin komai a Sokode balle Dapaong. Idan ta haɗu da maiko sai ta toshe ƙofofin iska na baya, fanka ta yi nauyi, zafi ya taru a inda bai kamata ba, rigar wayoyi ta bushe ta farfashe. Akwai kyankyasai masu son ɗumi da ƙamshin abinci, su shige cikin fanel su yi gida. Akwai masu wanke tukunyar da ruwa har cikin kanta, ruwa ya kwanta a mahaɗar wayoyi ta yi tsatsa. Ga kuma wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Sannan kar a manta da hanya: tukunyar da ta sha girgizar kilomita kusan 340 daga Lome zuwa Sokode, ko sama da 600 zuwa Dapaong, a saman mota, ba abin mamaki ba ne ɗan filogin sensa ya saki tun kafin a fara amfani da ita.

Kafin a je wurin mai gyara, akwai abin da uwargida za ta iya yi da kanta ba tare da ta kwance ko da kusa ɗaya ba. Ta zare filogi daga bango, ta bar tukunyar ta huce sosai, kamar rabin awa. Ta fitar da kwando, ta kifa tukunyar, ta goge ƙarfen da kewayensa da tsumma mai ɗan danshi, a hankali, kada ta finciki wani abu da ta ga ya leƙo. Ta share ƙofofin iska na baya da busasshen buroshi. Ta bari komai ya bushe. Ta mayar da kwando har sai ta ji ya zauna daram, domin akwai ɗan makunni da kwandon ke dannawa, in bai dannu ba tukunya ba ta tashi. Ta jona a soket na bango kai tsaye, ta kuma bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin bayan tukunya da bango. In lambar ta tafi, alhamdulillahi. In ta dawo, to aikin ya wuce na gida, kuma kada a yi ta kunnawa ana kashewa wai ko za ta haƙura.

Yanzu ga aikin mai gyara, kuma ina roƙon 'yan'uwa masu wannan sana'a su karanta nan da kyau. Aikin ba ya buƙatar wani babban kayan aiki. Mita ce ta awon wuta, wadda kusan kowane shago yake da ita. A zare wuta, a buɗe murfin sama, a bi wayoyin sensa daga kansa har fanel. Sau da yawa a nan ake ganin matsalar da ido: filogi ya saki, ko waya ta goga da ƙarfe ta ƙone, ko tsatsa ta ci mahaɗa. In ba a ga komai ba, a cire filogin sensan daga fanel, a sa mita a awon om, a auna. Idan mita ta nuna babu hanya sam, sensa ko wayarsa ta tsinke. Idan ta nuna kusan sifili, ya haɗe. Idan ta nuna lamba mai ma'ana, a riƙe kan sensan da yatsu ko a kusantar da shi ga ruwan ɗumi, a ga ko lambar tana sauka a hankali ba tare da tsalle-tsalle ba. In tana sauka lafiya lau, sensa na da rai, sai a koma kan mahaɗa da fanel.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi yanayinmu musamman. Sensan da aka fi sa wa waɗannan tukwane shi ne wanda aka rubuta masa om dubu 100. Amma wannan lamba a zafin digiri 25 aka auna ta. Mai gyaran da ke zaune a rumfar kwano a Dapaong cikin Maris ko Afrilu, zafi ya kai digiri 40, idan ya auna lafiyayyen sensa zai ga wajen om dubu 53 ne. A digiri 35 zai ga wajen dubu 65. Da sanyin safiyar hunturu, a digiri 20, zai ga ya haura zuwa wajen dubu 125. Duk lafiya ce. Wanda bai san haka ba sai ya ga dubu 53 ya ce sensa ya mutu rabi, ya cire mai kyau ya jefar, alhali matsalar tana wani wuri. A cikin suya kuwa, a digiri 200, sensan nan yana sauka ƙasa da om dubu ɗaya. Wannan faɗin tazara ita ce harshen da yake magana da fanel da shi.

Shi ya sa ba kowane sensa ne zai zauna a gurbin wani ba, ko da sun yi kama kamar tagwaye. Akwai na dubu 50, akwai na dubu 100, akwai na dubu 200. In aka sa na dubu 50 a inda ake son na dubu 100, fanel zai ɗauka zafi ya kai alhali bai kai ba, ya riƙa kashe wuta da wuri. Sai a fitar da kaza ta yi ja a waje, ciki da jini, ga shi naman kaza sai tsakiyarsa ta kai digiri 74 ake amincewa da shi. In kuma aka sa na dubu 200, fanel zai ɗauka har yanzu da sauran sanyi, ya ci gaba da hura wuta. An saita 180, ciki ya wuce haka nesa. Abinci ya ƙone, shafen baƙin da ke hana kamu a jikin kwando ya fara lalacewa, domin irin wannan shafe ba ya jure zafin da ya haura digiri 260. Haka nan ba a haɗa wayar sensa ko ta fis ɗin zafi da dalma a naɗe da salatif. Zafin wurin yana kusa da inda dalma ke narkewa, kuma zafin ƙarfen like kaɗai ya isa ya kashe sabon fis. Matse su ake yi da ɗan zoben ƙarfe, a sa musu riga mai jure zafi.

To mu dawo kan haɗin dairek. Yadda ake yinsa iri biyu ne. Wani zai cire sensan ya sa ɗan resista mai tsayayyar lamba a gurbinsa. Nan take E1 ta ɓace, fuska ta haska, fanka ta tashi, mai kaya ta yi murna ta biya. Abin da ba a gaya mata ba shi ne yanzu fanel yana jin zafin ɗaki ne har abada. Ko ciki ya kai digiri 300, shi a wurinsa ba a fara ba. Wasu tukwanen masu tsada suna lura cewa zafi ba ya motsi su sake tsayawa, amma ba duka ba. A sauran, ƙarfe zai yi ta ci har mai gadi na biyu ya tsinke. Sai a dawo wa mai gyara, a ce ta mutu gaba ɗaya. Shi kuma ya ga fis ya tsinke, ba shi da irinsa, sai ya ɗauko guntun waya ya haɗa bakin biyu. Shi ke nan, an sallami masu gadi duka. Abin da ya rage shi ne ƙarfe mai wat 1,500 a cikin gidan roba, da maiko a manne a kansa, a ɗakin da akwai labule da katifa da yara.

Jama'a, wannan ba gyara ba ne. Misalinsa mutum ne mai gadinsa ya yi ihu cikin dare, maimakon ya fito ya ga abin da ya faru, sai ya ɗaure masa baki ya koma barci. Fis ɗin zafi ba ya tsinkewa haka kawai. In ya tsinke, akwai abin da ya tsinka shi: ko fanka ta tsaya, ko rilen da ke kan fanel ya manne ya ƙi sakin wuta, ko ƙofar iska ta toshe, ko sensa yana ƙarya. Wanda ya canja fis bai nemo dalilin ba ya yi rabin aiki. Wanda ya haɗe shi da waya kuwa ya ɗana wa mai kaya tarko, kuma ya karɓi kuɗinta a kai.

Kada wani ya ce ana tsorata mutane ne. A watan Fabrairun 2023 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta sanar da janye tukwane kimanin miliyan 2 na kamfanin Cosori daga hannun jama'a, bayan rahotanni 205 na kamawa da wuta, narkewa, hayaƙi da zafi fiye da kima. Dalilin shi ne mahaɗar waya guda da ke ɗaukar zafi. Waɗannan fa tukwane ne da suka fito daga masana'anta da masu gadinsu cikakku, a ƙasar da motar kashe gobara ke isowa cikin mintoci. To ina ga wadda aka cire wa komai, a garin da kafin taimako ya iso daga nesa maƙwabta ne da bokitai? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Ko ba a yi gobara ba, akwai asarar da ake yi kullum ba a lura. Tukunya mai wat 1,500 in ta yi minti 20 tana ci ba tsayawa, ta sha rabin kilowat-awa. Lafiyayya ba ta kai haka, saboda sensa na kashe ƙarfen yana kunnawa. Wadda aka yi wa dairek kuwa ba ta hutawa, kuma mai mitar kati ta kamfanin CEET shi zai ga kuɗinsa na zurarewa. Sannan wat 1,500 a kan wutar Togo mai bolt 220 kusan amfiya 7 ke nan. Gidan da ƙarfin mitarsa amfiya 5 ne ba zai ɗauke ta ba, kuma siririyar wayar jone ta kasuwa, wadda aka riga aka ɗora wa firji da talabijin, za ta yi zafi ta narke tun kafin tukunyar ta yi laifin komai.

Adalci ne a saurari mai gyara shi ma, domin ba mugunta ce ke sa shi yin haka ba. Zai ce maka, "Malam, ina zan samo sensan? A Adjengre babu. In na aika Sokode ba lallai a samu ba, sai Lome. Kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Ita kuma Hajiya tana da baƙi gobe, ta ce in ban iya ba ta kai wa na gaba, na gaban kuma dairek zai yi mata ya karɓi kuɗin." Wannan magana gaskiya ce, kuma ta nuna laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Mu masu kaya muna da namu kason. Muna son a gama yau, muna son araha, kuma muna auna gwanintar mai gyara da saurinsa. Wanda ya ce a ba shi mako guda ya nemo kayan da ya dace, sai mu ce bai iya ba. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Amma duk da haka uzurin bai wanke shi ba. Tela in ba shi da zare ba ya ɗinka riga da tsinke ya ce a je a haka. Mai gyara yana da damar cewa, "Hajiya, na gano ciwon, maganin babu a hannuna, ki bar ta ko ki tafi da ita, amma kada a kunna." Zai iya rasa kuɗin ranar, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma matsalar kayan ba ta kai yadda ake faɗa ba. Sensa da fis ƙanana ne, ɗari daga cikinsu ba su cika aljihun riga ba, ba sa ruɓewa, ba sa tsufa a ajiye. Masu gyara biyar a gari ɗaya in suka haɗa kuɗi, direba ɗaya mai zuwa Lome ya isa ya kawo musu abin da zai yi musu shekara. Sannan kowace matacciyar tukunya da ke ƙarƙashin gadon wani rumbun kayan gyara ce: wadda fanel ɗinta ya ƙone, sensanta da fankarta suna nan lafiya.

Masu shigo da kaya su ma a gaya musu gaskiya. Wanda ya iya cika kwantena da tukwane ya iya sa kwali ɗaya na sensa da fis a ciki. A Faransa, a ranar 1 ga Janairun 2021 doka ta fara tilasta a liƙa wa wasu kayan lantarki, irin su wayar salula da talabijin da injin wanki, maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, kuma samuwar kayan gyara na cikin abin da ake dubawa. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da dokar haƙƙin gyara. Kamfanin SEB, mai Tefal da Moulinex, yana alƙawarin ajiye kayan gyaran yawancin kayansa har shekara 15. Mu a nan ana sayar mana da tukunya kamar ana sayar da ƙwai, in ta fashe shi ke nan. Ƙungiyoyin kare masu saye, irin su Ligue des Consommateurs du Togo, suna da abin faɗa a nan, kuma ba sai an jira wata babbar doka ba. Mai saye ma yana iya tambaya tun a shago: in sensanta ya lalace, kuna da shi? In aka yi ta tambaya, ɗan kasuwa zai kawo.

Ga masu sayen gwanjo, wanda a Togo ake ce wa "venu de France", akwai ƙarin hattara. A juya tukunyar a karanta takardar da ke manne a ƙasanta. In an rubuta 220 zuwa 240, ta dace da wutarmu. In an rubuta 120, ta Amurka ce ko Kanada, kuma jona ta kai tsaye a wutar 220 yana sa ƙarfen ya yi yunƙurin ba da zafi fiye da ninki uku, in fanel bai riga ya ƙone ba. A duba kusoshin ko an taɓa kwancewa. A nemi a kunna a gaban mai saye, a saita zafi kaɗan, a tsaya a saurara: lafiyayya za ta kai wani lokaci ta yi ƙas ta kashe ƙarfen, fitilar zafi ta mutu, can ta sake kamawa. Wadda ta yi minti goma ba ta huta ba, a ajiye musu kayansu. Ni a ganina ma, wanda ke zaune nesa da inda ake samun kayan gyara, gara ya sayi mai maɓallin murɗawa. Ita ba ta da fanel mai lambobi, na'urar daidaita zafinta ta ƙarfe ce irin wadda masu gyaran dutsen guga suka daɗe da sani. Sai dai ita ba ta rubuta E1, alamarta ita ce ta fara ƙona abinci ko ta ƙi yin zafi, kuma haramcin dairek ya hau kanta ita ma.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan tukunyar 'yan gayu, mutum nawa ke da ita a Adjengre? Amsa ita ce maganar ta wuce tukunyar suya. Irin waɗannan masu gadi suna cikin tukunyar dafa shinkafa, da butar lantarki, da dutsen guga, da hitar ruwan wanka. Hannun da ya saba haɗe fis a ɗaya zai haɗe a sauran. Kuma wuta tana ƙara shiga gidaje. An buɗe tashar hasken rana ta Blitta, a wannan yanki na tsakiya, cikin 2021 da ƙarfin megawat 50, gwamnati kuma ta sa wa kanta burin kai lantarki ga kowa nan da 2030. Duk gidan da wuta ta shiga, kayan zafi za su biyo baya. In ba a gyara tarbiyyar gyara yanzu ba, yawan kayan zai zo da yawan haɗarin.

Ba basira muka rasa ba. A Lome ne, a cibiyar WoeLab, Afate Gnikou ya harhaɗa na'urar buga abubuwa mai siffa uku daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firinta cikin 2013, duniya ta yi ta magana. Ƙasar da aka yi wannan ba za a ce auna sensa ya gagari yaranta ba. Abin da ake buƙata shi ne a koyar. Makarantar fasaha ta Sokode da majalisun masu sana'ar hannu, waɗanda ke kula da koyon sana'a da jarrabawar kammala ta, za su iya shirya wa masu gyara horon yini ɗaya a kan kayan zafi: yadda ake auna sensa, yadda ake karanta lambar da ke jikin fis, da abin da ba a taɓa haɗewa ko da mai kaya ta yi kuka. Ogan da ke yaye yara shi ma ya sa wannan cikin abin da yake ba su kafin ya sa musu albarka.

Kafin a kai can, kariyar tana hannun mai kaya, kuma tambayoyi uku ne. Idan an kai gyara, a ce: me ka samu ya lalace? Nuna mini a mita. Idan an zo karɓa, a ce: ina tsohon da ka cire, ina kuma shaidar sabon da ka sa irinsa ne? Sannan a kunna a shagon, a tsaya har a ji ta kashe kanta ta sake kamawa. Mai gyaran kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, zai ma ji daɗi an san darajar aikinsa. Wanda ya ce, "Hajiya, ke dai ba ga shi tana aiki ba?" to a karɓi kaya a yi masa sallama, kuma kada a jona ta a gida sai wani ya sake dubawa.

In kuwa an nema an rasa sensan da ya dace, a haƙura a koma wa kasko da gawayi har ya samu. Koliko dai ba yau aka fara soya shi a mai ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, amin.